Me ake nufi da sarauta mai cikakken iko?

Idan masana tarihin Turai suka ce sarki mai cikakken iko, suna nufin sarkin da wuƙa da nama ke hannunsa. Shi ke kafa doka, shi ke aza haraji, shi ke shelar yaƙi, ba majalisar da za ta ce masa dakata. Wasu kan haɗa kalmar da kama-karya, amma akwai bambanci. Wannan sarkin gadon sarauta ya yi, kuma malaman coci irin su Bossuet suna karantar da cewa Allah ne ya naɗa shi, don haka a gaban Allah kaɗai zai amsa tambaya.

A da, sarakunan Turai ba su da wannan ƙarfin. Manyan masu ƙasa na da dakarunsu, coci na da tata dukiyar. Yaƙi ne ya sauya lissafi. Da igwa da bindiga suka yawaita, sai aka buƙaci soja na dindindin, soja kuwa sai da albashi, albashi sai da haraji. Sarkin da zai jira amincewar majalisa kafin ya tara kuɗi, maƙwabcinsa zai riga shi filin daga.

A Faransa abin ya fi fitowa fili. Majalisar wakilan ƙasa ta zauna a 1614, ba a sake kiranta ba sai 1789. Louis na 14 ya hau gadon sarauta a 1643 yana ɗan shekara huɗu. Yana yaro manyan ƙasar suka yi tawaye, har aka fice da shi daga Paris cikin dare a 1649. Da babban wazirinsa Mazarin ya rasu a 1661, sai ya ƙi naɗa wani, ya riƙe ragamar da kansa.

Dabarar da ta fi ba ni mamaki ita ce fadar Versailles, inda ya koma a 1682. Ya janyo manyan masu ƙasa suka tare a gindinsa, nesa da lardunansu. Jikokin waɗanda suka ɗauki makami jiya, yau suna rige-rigen wa zai miƙa wa sarki riga da safe, wa zai riƙe masa kyandir da dare. Lardunan kuwa, jami'an da sarki ya aika ne ke tafiyar da su.

Talaka ne ya ɗauki nauyin. Babban harajin ƙasa a kan manomi ya faɗa, masu sarauta an yafe musu, ga kuma harajin gishiri. A 1685 Louis ya soke dokar Nantes da ta ba Kiristoci mabiya ɗarikar Furotesta 'yancin ibada, dubban iyalai suka bar gidajensu suka yi hijira zuwa Holan da Ingila da Jamus.

Ba ko'ina tsarin ya yi saiwa ba. Denmak ta rubuta shi cikin doka a 1665, amma a Ingila da Charles na 1 ya ja da majalisa, sare masa kai aka yi a 1649.