'Yancin Alƙali da Haƙƙin Talaka a Kundin Tsarin Mulki

Ɗaliban shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello da ke harabar Kongo a Zariya suna yawan komawa kan sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, domin a cikin jimla guda ya umarci ƙasa ta tsare 'yancin kotuna, ta kuma sauƙaƙa wa jama'a isa gare su. Sai dai sashen yana Babi na Biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiki da shi. Saboda haka mai neman haƙƙinsa ya fi dogara da sashe na 36, wanda ya ba kowa damar a saurare shi cikin lokacin da ya dace, a gaban kotun da ba ta karkata ga kowa ba.

Ana kare 'yancin alƙali ne ta kujerarsa da kuma aljihun kotunsa. Sashe na 292 ya hana gwamna tsige Babban Jojin jiha sai da goyon bayan kashi biyu bisa uku na majalisar dokoki, alƙalan manyan kotuna da ba shugabannin kotu ba kuwa sai da shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, mai kula da naɗi da ladabtar da alƙalai. Batun kuɗi ya fi wuya. Sashe na 121 ya ce a miƙa kuɗin ɓangaren shari'a na jiha kai tsaye ga shugabannin kotuna, amma jan ƙafar jihohi ya sa ma'aikatan kotu suka yi yajin aikin wata biyu a 2021, sannan a 2022 Kotun Ƙoli ta soke umarnin da Shugaba Buhari ya bayar a 2020 don tilasta hakan. A ganina nan ne tushen matsalar, domin kotun da ke roƙon kuɗin takarda daga gidan gwamnati da wuya ta yanke wa gwamnati hukunci hankali kwance.

Wanda ke tsare yana jiran shari'a, ba shi da kuɗin lauya, shi ya fi ɗanɗana kuɗar rufe kotuna. Doka ba ta bar ɗalibi ya tsaya wa kowa a gaban alƙali ba, amma a ƙarƙashin kulawar malamansa yana iya sauraron koke, ya bayyana wa iyali cewa sashe na 35 ya wajabta gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon nisan kotu, sannan ya haɗa su da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda dokar 2011 ta ɗora wa nauyin kare marasa hali kyauta.