Me ake nufi da "snub" a bakin mawaƙan gambara?

Duk shekara, da zarar an fitar da sunayen waɗanda za su fafata a kyautar Grammy, wadda ake ba mawaƙa a Amurka, sai kalmar snub ta cika shafukan sada zumunta. A Hausance shariya ce, a ga mutum sarai a yi kamar ba a gan shi ba. Wanda ya faɗi takara aƙalla an san da zamansa. Wanda aka share kuwa shi ne wanda waƙarsa ta karaɗe gari amma ko sunansa bai shiga jerin ba. Daga baya ma'anar ta faɗaɗa, har ta haɗa da wanda ya shiga jerin amma aka miƙa kyautar ga wanda kowa ya san bai kai shi ba.

Mawaƙan gambarar zamani, wato hip hop, su suka fi kowa kokawa da wannan, kuma ba yau suka fara ba. A 1989 aka fara ware musu rukuni a Grammy, sai dai an ce ba za a nuna miƙa kyautar tasu a talabijin ba. Will Smith da DJ Jazzy Jeff, waɗanda su suka ci, suka ƙaurace wa bikin. Bayan shekara goma Jay-Z ma ya ƙi zuwa saboda an tsallake DMX.

Wadda ta fi tsaya wa mutane a rai ita ce ta 2014, lokacin da Macklemore, Bature, shi da Ryan Lewis suka doke Kendrick Lamar a rukunin kundin gambara. Macklemore da kansa ya aika wa Kendrick saƙon waya cewa an yi wa Kendrick ɗin ƙwace, sannan ya wallafa saƙon a Instagram (ban haƙuri a bainar jama'a, kofi kuma yana gidanka, wannan ma abin dubawa ne).

Tushen rigimar shi ne yadda ake zaɓen. Ba yawan ciniki ko yawan masu sauraro ake ƙirgawa ba. 'Yan ƙungiyar Recording Academy, wadda ke shirya bikin, su ne ke kaɗa ƙuri'a, kuma shekaru da dama akwai wasu kwamitoci da ba a bayyana sunayen mutanensu ba, su ke tace jerin ƙarshe. Manyan kamfanonin waƙa kuma suna da kuɗin tallata mawaƙansu ga masu zaɓe. Nan zargin 'yan mowa da 'yan bora ya samo asali. A ƙarshen 2020 The Weeknd, wanda waƙarsa Blinding Lights ta mamaye duniya a shekarar, bai samu shiga rukuni ko ɗaya ba. Ya fito fili ya zargi masu shirya bikin da rashin gaskiya, kuma a 2021 aka rushe kwamitocin.

A ganina an fara cin zarafin kalmar. Yanzu duk wanda gwaninsa ya sha kaye sai ya ce an share shi, alhali kofi ɗaya ne. Masu sukar ma ba su daina so ba: Jay-Z ya caccaki Grammy a 2024 kan hana Beyoncé kyautar kundin shekara, a kan dandamalinsu, riƙe da kyautar da suka ba shi. Amma ƙorafin yana da ƙafa. Nas sai a 2021 ya ci tasa ta farko, Tupac har ya rasu bai ci ba. Kuma har zuwa bikin 2025, kundin hip hop biyu kacal suka taɓa zama kundin shekara, na Lauryn Hill a 1999 da na OutKast a 2004.