Waiwaye: Yadda zaman zaure ya sauya ra'ayin iyaye kan rigakafin shan inna

A 2003 jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna, bayan Dakta Datti Ahmad, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, ya yi zargin cewa an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa. Zargin ya samu gindin zama ne saboda akwai tsohon miki. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Da fari an ɗauka sakamakon ɗakin bincike zai kashe maganar. Aka yi ta kafa kwamitoci, aka gwada maganin a gida da waje, kowane ɓangare ya riƙe rahoton da ya yi masa daɗi. Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004, da aka kawo magani daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Gwamna Ibrahim Shekarau ya miƙa 'yarsa aka ɗiga mata a bainar jama'a. Sai dai gwamnati ce ta sauko, magidanta da yawa suna kan bakansu. A 2008 yaran da cutar ta kama a Najeriya sun kusa 800.

Sauyin gaske ya soma a 2009, da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya haɗa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko. Aikin ya gangaro daga sarki zuwa hakimi, dagaci, har mai unguwa. A 2010 aka samu yara 21 kacal. Daga 2012 UNICEF ta ɗauki dubban mata 'yan sa-kai, kowacce a unguwarta, inda ake sanin ta a gidan suna da gidan biki.

Tsarin ya zauna kamar haka. Idan gida ya ƙi, ba a tsayawa musu a bakin ƙofa, domin magidancin da aka ƙure gaban maƙwabta ba zai janye ba ko ya gamsu. Sai a rubuta alama da alli a bango, a wuce. Da yamma, in maigida ya dawo, mai unguwa ko liman ya zo zaure, a gaisa, a tambayi dalilinsa, a bar shi ya kai aya. Galibi ba maganar hana haihuwa ke fitowa ba. Tambayar ita ce: "Ranka ya daɗe, me ya sa ake bin mu gida da wannan kyauta, amma in zazzaɓi ya kama yaro sai mun sayi magani?" Tambaya ce mai ma'ana, kuma baki kaɗai ba ya amsa ta. Shi ya sa aka ɓullo da sansanonin lafiya inda ake duba zazzaɓi da gudawa a ba da magani, sannan a yi wa yaro ɗigo biyu na rigakafin.

Su ma waɗanda cutar ta naƙasa sun shiga tawaga da kekunansu. Inda aka yi imani Inna ce ta shanye ƙafar yaro, ba a cewa camfi ne. Mai lalurar ne ke ba da labarin zazzaɓin da ya fara da shi.

Inda aka gwada barazanar kamu da 'yan sanda, abin ya kan koma ɓoye yara a ɗaki, ko a roƙi ma'aikaciya ta shafa tawada a yatsa ba tare da ɗigo ba, takarda ta nuna an yi alhali ba a yi ba. Aikin kuma ya ci rayuka: a Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano.

A Najeriya, an ga mai ɗauke da asalin ƙwayar cutar na ƙarshe a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Wani nau'in da ke yaɗuwa inda rigakafi ya yi ƙaranci bai tafi ba tukuna, don haka matan na nan suna sallama gida-gida.