Kariyar Tsatsa wajen Farfaɗo da Tsofaffin Motoci

Kariyar tsatsa ita ce duk wani fenti, sinadari, kaki ko rufin tutiya da ake lulluɓe ƙarfen mota da shi don a raba shi da ruwa da iska. A aikin farfaɗo da tsohuwar mota, inda ake kwance ta kaf a sake haɗa ta, wannan mataki ya fi kowanne cin lokaci, kuma idan an gama ba a ganinsa. Shi ne kuma ke yanke ko motar za ta ƙara shekara talatin, ko fentinta zai kumbura bayan damina biyu.

Yadda tsatsa ke cin mota

Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, gishiri kuma yana hanzarta ta. Alminiyam kan yi wa kansa wata siririyar fata da ke kare shi, amma tsatsar ƙarfe ba ta kare komai. Tana kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, tana ɓarewa, tana riƙe ruwa kamar soso, saboda haka na ƙarƙashinta ma bai tsira ba.

Daga ciki mota take ruɓewa. A ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan ramuka da aka bari don ruwan da ya bi ta gefen gilashi ya fita. Idan ƙura da laka suka toshe su, ruwan sai ya kwanta a inda aka naɗe faranti biyu na ƙarfe. Shekaru za su wuce ba a ga komai ba, sai wata rana fenti ya fito da ƙuraje a gefen ƙofar. A danna wurin da bakin sukudireba, sai ya burma. Haka abin yake a dokin ƙofa, cikin madigadi, ƙarƙashin kafet, ramin safaya, da mazaunin batir inda asid ke ɗiga.

Tarihi

A 1906 Thomas Coslett na Ingila ya yi rajistar hanyar jiƙa ƙarfe a asid ɗin fosforik don ya yi fata mai ƙin tsatsa, kamfanin Parker na Detroit kuma ya yaɗa irin wannan dabara a Amurka daga 1915. Duk da haka, yawancin motocin da aka ƙera har zuwa shekarun 1970 ba su da wata kariya ta kirki a cikin kogunansu, inda fentin feshi ba ya kaiwa. Wannan giɓi ne ya sa Kurt Ziebart ya buɗe sana'ar fesa wa motoci maganin tsatsa a Detroit a 1959. Ford ya fara tsoma bodi ɗungurungum cikin kwamin fenti mai aiki da lantarki a shekarun 1960, ta yadda fentin ke manne wa kowane lungu. Porsche ya koma ƙera bodin motarsa samfurin 911 da ƙarfe mai rufin tutiya a tsakiyar shekarun 1970, Audi ya bi sahu a shekarun 1980. A 1980 ne ma tsatsa ta zubar da sunan motar Lancia Beta a Birtaniya, har kamfanin ya riƙa sayen motocinsa daga hannun masu su. Mafi yawan motocin da ake farfaɗowa yau an ƙera su ne kafin waɗannan gyare-gyare su zama ruwan dare.

Gyaran ƙarfe kafin shafi

Babu fentin da ke mayar da ƙarfen da tsatsa ta cinye. Wurin da ya huje, yanke shi ake yi a yi waldar sabon faranti. Wanda bai huje ba sai a goge shi har farin ƙarfe ya fito, da buroshin waya, da samfefa, ko ta hanyar feshin tsakuwa mai laushi. Feshin yana tsaftace shasi sosai, amma yakan lanƙwasa siraran farantai irin na rufi da bonet. Wasu kan tsoma bodin duka a kwamin sinadari. Matsalarsa ita ce ragowar ruwan da ke maƙalewa a mahaɗan ƙarfe, ya tsattsafo daga baya ya ɓata sabon fenti. Ƙarfen da aka goge kuwa ba ya jira. Idan akwai raɓa, cikin 'yan sa'o'i zai fara yin ja, don haka a ranar ake rufe shi, bayan an wanke maiƙo da ƙura.

Ire-iren kariya

Inda buroshi ba ya shiga, ana amfani da ruwan juya tsatsa, wanda ke ɗauke da asid ɗin fosforik ko na tanin. Yana mayar da jar tsatsa baƙa mai tauri wadda za a iya yi wa fenti. Siririyar tsatsa kawai yake iya wa. A kan mai kauri, sama yake baƙantawa ya bar ƙasa tana ci.

Fentin shimfiɗa da masu wannan aiki suka fi yarda da shi shi ne na ifoksi, wanda ake haɗa ruwa biyu kafin a fesa. Yana kama ƙarfe gam, ruwa kuma ba ya ratsa shi, saɓanin fentin shimfiɗa mai kauri na cike ƙananan ramuka, wanda ke shan danshi idan aka bar shi ba rufi. Akwai kuma mai garin tutiya, da ake shafawa tsakanin farantai biyu kafin a haɗa su da walda. Hikimar tutiya ita ce takan lalace a madadin ƙarfe, ko da an karce wurin. Shi ya sa masu tsofaffin Land Rover, waɗanda bodinsu alminiyam ne amma shasinsu ƙarfe, sukan sa shasin da aka tsoma a narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450.

Fenti irin su POR-15 an yi su ne don a shafa a kan tsatsar da aka kankare; danshin iska ke busar da su, amma rana na dusashe su idan ba a rufe su da wani fenti ba. Baƙin shafi mai kwalta da ake yi wa ƙarƙashin mota shi ne ya fi yaudarar mutane. Yana tare tsakuwa, amma idan ya tsufa ya tsage, ruwa na shiga bayansa ya kwanta, ƙarfe ya ruɓe alhali waje na nan lumui. Shafa shi a kan tsatsa ɓoye cuta ne kawai.

Kaki mai ruwa, irin su Waxoyl da Dinitrol, shi ake turawa da siririn tiyo cikin ƙofofi, dokin ƙofa da kogunan shasi. Ba ya bushewa ƙarau, yana malala cikin mahaɗai yana korar danshi. A ƙarshe ake sa shi, domin yana kama wuta wajen walda, kuma fenti ba ya zama a inda ya taɓa. Ana sabunta shi lokaci-lokaci, a kuma tabbatar bai toshe ramukan fitar ruwa ba.

A ƙasar Hausa

Bushewar iskar Arewa ta yi wa tsofaffin motoci rana. Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna har zuwa 2006, takan daɗe da ƙarfenta a Kano ko Damagaram fiye da wadda ta zauna bakin teku a Legas. Haɗarin ya fi yawa a motocin tokumbo da suka fito daga ƙasashen da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Da yawa suna isowa da tsatsa a ƙarƙashi, an rufe ta da baƙin shafi. Wata matsalar ita ce cike rami da fila, wato ƙullin da ake shafawa ya daskare, ba tare da an yanke ruɓaɓɓen ƙarfen ba. Mai saye na iya gane wurin da maganaɗisu, domin ba ya kama fila mai kauri. Fesa baƙin mai a ƙarƙashin mota tsohuwar dabara ce, amma yana lalata robobi, yana tara ƙura, yana gurɓata ƙasa.

Lafiyar mai aiki

Tsofaffin fentin shimfiɗa da dama suna ɗauke da dalma ko sinadarin kuromat, kuma ƙurarsu guba ce. Feshi da yashi na jawo ciwon huhu da ba ya warkewa, abin da ya sa aka hana shi a Birtaniya da wasu ƙasashe. Waldar ƙarfe mai tutiya na fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi, fentin haɗi mai sinadarin aisosayanet kuma na haddasa asma. Ƙyallen da yara masu koyon sana'a ke ɗaurawa a hanci ba ya tare ko ɗaya daga cikinsu. Aikin na buƙatar takunkumi mai matata da wuri mai iska.