Yaron da ya manta aike ba daƙiƙi ba ne

An daɗe ana ɗauka cewa duk wanda aka lissafa masa abubuwa ya kasa riƙe su, to ko daƙiƙi ne ko bai mai da hankali ba. Uwa za ta aiki yaro Kasuwar Sabon Gari ya sayo gishiri, daddawa, manja, ashana, sabulu, albasa, tattasai, kanwa da allura. Ya dawo babu uku, sai faɗa, wani lokaci har da bulala. Wannan zalunci ne.

Ɓangaren ƙwaƙwalwa mai riƙe abu na ɗan lokaci ƙarami ne ƙwarai, tamkar tafin hannu. A 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller na Amurka ya ƙiyasta yana ɗaukar abu kusan 7. A 2001 wani masanin, Nelson Cowan, ya ce abin bai wuce kusan 4 ba. Farfesa a jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ma iyakarsa ke nan. Yara kuwa nasu bai kai na manya ba, kuma tsoro da ƙarancin barci suna ƙara rage shi, shi ya sa tsawa ke dagula lamarin.

Ka lura da lambar waya mai lambobi 11: ba wanda ke karanto ta a dunƙule, rarraba ta ake yi, huɗu, uku, huɗu.

To mahaddatan Alƙur'ani fa? Tasu ma'ajiya ce daban, ta dogon lokaci. Malam yana rubuta 'yan ayoyi a allo, a yi ta maimaitawa har su zauna, sannan a wanke a ci gaba.