Kalmomin Ingilishi na yau da kullum

Kalmomin Ingilishi na yau da kullum su ne ƴan ƙananan kalmomin nan da masu harshen ke juyawa a baki tun safe har dare, irin su get, take, make, go, run da sorry. Ba su da yawa amma su ne ke ɗauke da galibin magana, kuma su suka fi ba mai koyo wuya don kalma guda sai ta kwashi ma'ana goma ko fiye. A Nijar in an ce Turanci mutane da yawa Faransanci suke nufi, shi ya sa ake cewa Ingilishi ko Angale don a rarrabe. Yara na fara shi a kolej, ajin sizyam. Kundin mulkin ƙasar da aka kafa a watan Maris 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki.

Asalinsu

Tsoffin kalmomin sun zo ne da ƙabilun Angal da Sakson waɗanda suka ƙetara teku daga arewacin Jamus da Danmak na yanzu suka zauna Birtaniya, wajen ƙarni na 5 ake ƙiyasi. Daga bakinsu aka gaji house, bread, water, eat, drink, mother, come, wato kalmomin cikin gida da na ci da sha. Daga ƙarshen ƙarni na 8 sai ga mutanen arewa da ake kira Bayikin, da fari hari suke kawowa daga baya suka zauna suka yi auratayya, su ne suka bar take, get, egg, sky, window har ma da they da them, abin da ba kasafai harshe ke arowa ba.

Babban juyin ya zo a 1066 lokacin da Wiliyam na Normandi ya ci sarki Harold da yaƙi a Hastings ya hau gadon Ingila. Kusan shekara 300 fada da kotu da manyan gari Faransanci suke yi, talakawa kuwa na nan da harshensu, sai a 1362 aka yi doka a riƙa shari'a da Ingilishi, amma kafin nan dubban kalmomi sun riga sun shige sun yi kaka-gida. Shi ya sa saniya tana raye cow ce, in nama ya zo kan teburi ya zama beef, daga boeuf, tunkiya sheep ce namanta mutton daga mouton. Bayanin da aka saba ji shi ne talaka ke kiwo mai sarauta ke ci, wasu masana na ganin an sauƙaƙa zancen da yawa. Ko ma yaya ne ɗan lakwal na Yamai ko Tawa yana da riba babba a nan, da ya ga village, question, table ko important ya san su tun kafin mushe ya buɗe baki, kuma wallahi ya kamata a riƙa gaya ma yara wannan tun ranar farko don su daina jin tsoron harshen.

Ƙoƙarin tattara su

Masanin harshe Charles Ogden ya fitar da jerin kalmomi 850 a 1930 yana cewa sun isa harkar yau da kullum. Wani malamin Ingilishi, Michael West, ya fitar da nasa na kusan 2000 a 1953. Muryar Amurka kuma ta soma shirin Ingilishi mai sauƙi a 1959, da kalmomi wajen 1500 ana karantawa a hankali.

Inda ake tuntuɓe

Tarko na farko na Faransancin ne da kansa. Library ɗakin karatu ne ba kantin sayar da littafi ba, actually na nufin a gaskiya ba yanzu ba, attend halarta ne ba jira ba. Wanda ya fi yawa shi ne pass, yaro zai fito daga ɗakin jarrabawar BEPC da bik ɗinsa a hannu ya ce I passed the exam yana nufin ya zauna jarrabawar kawai, mai jin Ingilishi kuwa sai ya hau yi mashi barka don ya ɗauka ya ci.

Na biyu daga Hausa yake. Mu da ji guda muke jin magana, mu ji wari, mu ji yunwa, mu ji harshe, Ingilishi ya raba su hear, smell, feel, understand. Haka sha, ruwa drink ne, taba smoke, magani take. Aro ma biyu ne, mai karɓa borrow mai bayarwa lend, don haka borrow me your pen da ake ji cikin aji kuskure ne, lend ya kamata.

Sannan ga kalmomin da ma'anarsu ta yi yawa. Babban ƙamus na Oxford ya lissafa ma run ma'ana 645 a matsayin aikatau. Get kuwa samu ne, zama ne, isa wuri ne, ganewa ne, in an liƙa mashi up ya koma tashi, on ya koma hawa mota. Haddace su ɗaya ɗaya ɓata lokaci ne, cikin jimla ake kama su.

Ingilishin makwabta

Ƴan kasuwar Tawa da ke bi ta Ƙonni su shiga Illela zuwa Sakkwato galibi Ingilishin Najeriya suka fara ji. Can mutum zai miƙe ya fita ya ce I am coming, ina zuwa ɗinmu ne sak, kuma in ka yi tuntuɓe a ce maka sorry a madadin sannu, alhali Baturen Ingila ya fi faɗin sorry in laifin nasa ne ko wajen jaje. Ana gardama kan ko kuskure ne ko salon harshe ne mai zaman kansa. A 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da okada da Kannywood.

Gaisuwa

Goodbye taƙaitawa ce ta God be with ye, wato Allah ya kasance tare da kai, tun wajen ƙarshen ƙarni na 16. OK ya fito a wata jaridar Boston a 1839 a matsayin raha da rubutun all correct, wannan ne ra'ayin da ya fi karɓuwa, wasu kuma na jingina shi da harshen Coktaw na Amurka ko da Wolof.