Santaral Lok: Ba Rimot Ba Ne, Ba Kuma Maganin Ɓarawo Ba

Kwanan nan duk inda ka juya a Gombe sai ka ji santaral lok. Dillalan mota na talla da ita, yaran da ke sayar da rimot na kiran ciniki da ita. Duk wannan na haƙura. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani sojan baka da na ji a shirin siyasa na rediyo yana bugun ƙirji, wai ubangidansa ya yi wa jam'iyya santaral lok, ba shiga ba fita. Da ya san abin da ya faɗa, da ubangidan ya tsayar masa da alawus.

Kalmar daga Turanci muka aro ta, kuma nauyinta yana kan "santaral", wato daga wuri guda. Tsari ne da ƙofa ɗaya, yawanci ta direba, ke ba sauran umarni: ka murɗa makulli a nan su kulle tare, ka mayar da shi su buɗe tare. Shi ke nan. Bai ƙara wa ƙofa ƙwari ko na anini ba. Ashe sojan bakan cewa ya yi duk wanda ya samu makulli ɗaya ya buɗe jam'iyyar baki ɗaya.

Rimot kuwa ɗan aike ne kawai. Tsarin ya girme shi nesa ba kusa ba: motocin Packard a Amurka suna kulle ƙofofi da lantarki tun 1956, rimot bai shigo ba sai 1982 a motar Renault Fuego ta Faransa. Wanda ke hana injin tashi idan makullin ba nasa ba ne shi ne imobilaiza. Abu uku ke nan, amma dillali zai dunƙule maka su a kalma ɗaya ya ɗora kuɗi a kai.

Wannan ruɗanin kuɗi yake ci, na kuwa gani da idona. Kawuna da ke Tudun Wada yana da Golf 3, irin wadda aka fara ƙerawa a 1991. Ƙofofinta suka daina kullewa. Mai wayarin na farko ko ƙofar bai taɓa ba ya ce, "Alhaji, ai rimot ɗinka ne ya mutu." Aka sayi sabo, aka haɗa, shiru. Sai ya koma cewa burein bos ne, wato kwamfutar motar, kalmar da wasunsu ke fakewa da ita duk sanda basira ta ƙare.

Wani dattijon bakanike ne ya raba gardama. Cewa ya yi, "Alhaji, kashe rediyon nan, kowa ya yi shiru." Ya sa ni murɗa makulli, shi kuma ya kasa kunne a but. Sai ga gurnanin wani ɗan famfo, ya yi ta yi bai tsaya ba, alhali mai lafiya cikin daƙiƙa kaɗan yake gamawa. Ya bi jikin motar a sunkuye har ƙofar baya, inda muka ji "tsss" siriri kamar tayar keke ta yi faci. Wannan motar da iska take kullewa. Famfon ne ke hura iska ko zuƙe ta ta wasu siraran tiyo da suka bi kowace ƙofa, kuma haka Marsandi 190 da Biy-but suke, sai dai nasu famfon yana ƙarƙashin kujerar baya. Ranar Gombe ta busar da tiyon, ya tsage daidai inda ya ratsa robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Ƙofa ɗaya ce ke zubar da iska, amma ta kashe wa huɗun aiki. Ya yanke wurin, ya haɗa da guntun tiyon da bai kai tsawon yatsa ba. Ni dai na ji tsarin iskan nan ya burge ni, domin da kunne ake gano ciwonsa.

Su Toyota da Honda da Peugeot 406 kuwa kowace ƙofa da ɗan motonta mai haƙoran roba. Binciken ba wuya. Idan makulli na kulle duka amma rimot ya ƙi, a fara da ɗan batirin rimot mai bolt 3. Idan duka suka mutu lokaci guda, a duba fiyus da rile (ɗan akwatin da ke haɗa wuta ya yanke) da makunnin da ke cikin ƙofar direba. Idan ɗaya ce ta yi gardama, moton ta ne ya gaji, ko ƙurar hunturu ta cakuɗe da giris ta daskare, ko waya ta karye a cikin waccan robar, musamman a ƙofar direba da ake buɗewa ba adadi. Wadda ke kullewa ta sake buɗe kanta nan take ba aljanu ba ne. Galibi motar na ganin wata ƙofa ko but bai rufu da kyau ba.

Sabon rimot ɗin Kawu yana nan rataye a jikin makullinsa, jikokinsa na wasa da shi. Tsohon ma da aka cire, da muka gwada, lafiyarsa ƙalau.